Murabba'i da Muka'abi: Tarihin Lambobin da Hatimi Ya Tsaya a Kansu

Lamba murabba'i ita ce wadda ake samu idan aka ninka wata lamba da kanta: 2 sau 2 ya ba da 4, 3 sau 3 ya ba da 9, haka har 16, 25, 36, 49. Idan aka ƙara ninkawa da lambar nan dai, sai a sami muka'abi: 2 sau 2 sau 2 shi ne 8, daga nan 27, 64, 125. Murabba'i ma'aunin fili ne, muka'abi kuwa ma'aunin abin da ciki ke ɗauka. Gonar da kowane gefenta ya kai mita 100 hekta ɗaya ce, wato 10,000 a ma'aunin fili. Tankin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne yana cin lita 1,000 na ruwa. Magini a Jega ko Maiyama, idan yana son kusurwar ɗaki ta tsaya daidai, yakan auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, ya tabbatar tsakaninsu 5 ne, kuma abin da ya dogara a kai shi ne 9 da 16 sun haɗu sun ba da 25.

Amma tarihin waɗannan lambobi bai tsaya a gona da gini ba. Tun zamanin da, akwai mutanen da suka riƙa juya su don sha'awa kawai, suna neman abin da ke ɓoye tsakaninsu, kuma a cikin jerin waɗannan mutane akwai wani Bakatsine.

Mafi tsufan shaida ta fito daga ƙasar da yau ake kira Iraƙi. A 1854 an tono wasu allunan yumɓu a Senkere, wurin tsohon birnin Larsa, waɗanda aka rubuta kusan shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A jikinsu akwai jerin murabba'ai har zuwa na 59 da jerin muka'abai har zuwa na 32. Masana na ganin marubutan Babila sun riƙa amfani da irin wannan jeri wajen sauƙaƙa ninkawa, domin wanda ya haddace murabba'ai zai iya ninka kowace lamba biyu da ragi kaɗai. Mai neman 7 sau 3 sai ya haɗa su ya sami 10, murabba'insa 100. Ya rage su ya sami 4, murabba'insa 16. Ya cire 16 daga 100, saura 84. Ya raba huɗu, 21.

Girkawa suka zo da wata hanyar kallo. Almajiran Fisagoras sukan jera tsakuwa a ƙasa, su ga lamba da idonsu. Tsakuwa ɗaya, a kewaye ta ta gefe biyu da uku, ta zama 4. A ƙara biyar, ta zama 9. A ƙara bakwai, 16. Ashe kowane murabba'i jimlar lambobin wutiri ne tun daga 1, ba tare da an tsallake ko ɗaya ba. Wajen shekara ta 100 Miladiyya wani malami mai suna Nikomakus, mutumin Jarash a ƙasar Jodan ta yau, ya nuna cewa muka'abai ma daga wannan jeri suke fitowa, in dai aka yanka shi kashi-kashi: 1 shi kaɗai, 3 da 5 su ba da 8, 7 da 9 da 11 su ba da 27, 13 da 15 da 17 da 19 su ba da 64. Daga nan wani abu mai kyau ya bayyana. Tun da tara muka'abai a jere daidai yake da tara lambobin wutiri tun daga farko, to jimlar muka'abai dole ta zama murabba'i. 1 da 8 sun ba da 9. A ƙara 27, 36. A ƙara 64, 100. Kuma 9 da 36 da 100 murabba'an 3 da 6 da 10 ne, wato 1 da 2, sai 1 da 2 da 3, sai 1 da 2 da 3 da 4. Shekarar 2025 misali ce ta wannan: ita ce 45 sau 45, kuma ita ce jimlar muka'abai tara na farko. Aryabata na Indiya ya rubuta wannan ƙa'ida a 499, tare da ta jimlar murabba'ai.

Zuwa Bagadaza ta zamanin Abbasawa duk wannan ilimi ya kwarara. Wajen 820 Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara, wanda babban sashensa a kan rabon gado da wasiyya yake, abin da ya sa malaman fiƙihu ba su taɓa ɗaukar hisabi baƙon fanni ba. Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya fassara littafin Nikomakus zuwa Larabci. Ƙusɗa ɗan Luƙa ya fassara na Diyofantus ɗan Iskandariyya, littafin da ke cike da matsaloli na neman murabba'i da muka'abi masu cika wani sharaɗi. Huɗu daga sassan wannan littafi sun ɓace a Girkanci, sai a 1968 aka gano fassararsu ta Larabci a wani ɗakin karatu a Mashhad ta Iran. Wajen shekara ta 1000 Alkaraji ya kawo hujja a kan jimlar muka'abai goma na farko, 3,025, cewa ita ce 55 sau 55, da hanyar ɓare murabba'in gefe-gefe har a dawo kan ɗaya. A daidai wannan zamani Alkujandi ya yi iƙirarin cewa muka'abi biyu ba za su taɓa haɗuwa su ba da muka'abi ba. Maganar gaskiya ce, amma hujjarsa ba ta tsaya ba, kuma sai da aka yi ƙarni bakwai da ɗoriya kafin a kusanci tabbatar da ita.

A wannan duniya ta Bagadaza da Basra ne ilimin aufaƙi ya girma, wanda Hausawa suka sani da hatimi. Hatimi zane ne mai gidaje, yawan layukansa na kwance daidai da na tsaye, a zuba lambobi a ciki yadda kowane layi, na kwance ko na tsaye ko wanda ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun da daɗewa. A ƙarni na 10 ƙungiyar malaman Basra da ake kira Ikhwanus Safa ta kawo hatimai daga mai layi uku har mai layi tara a cikin wasiƙunta, sannan Abul Wafa Albuzajani, wanda ya rasu a 998, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda ake gina su, da idon mai lissafi zalla. Haɗa hatimi da sunayen Allah da ayoyi da neman biyan buƙata ya yi ƙarfi ne daga baya, musamman ta littattafan da ake jingina wa Ahmad Albuni na ƙarni na 13. Ta wannan ƙofa ya iso Barno da ƙasar Hausa, ya shiga allo da laya da zauren malamai, kuma har yau ana zana shi a garuruwa da ƙauyuka, daga Gwandu zuwa Fagada.

Mafi shahara shi ne mai gida tara, wanda malamai ke kira musallasi suna jingina shi ga Imamu Gazali. Layinsa na sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina aka bi, 15 ne. Kusurwoyinsa huɗu lambobin shafa'i ne, 2 da 4 da 6 da 8, waɗanda a lissafin abajada suke ba da baƙaƙen ba, dal, wau, ha, inda aka sami sunan Buduhu da ake gani a tsofaffin takardu. Shigar lambobin ma tana da tsari. Daga 1 zuwa 2, da daga 2 zuwa 3, tsallen doki ne irin na wasan shaɗaranji, gida biyu a miƙe ɗaya a gefe. Daga 3 zuwa 4 taki ɗaya ne. 4, 5, 6 a karkace suke tafiya. Sai taki ɗaya zuwa 7, sai tsallen doki biyu zuwa 8 da 9.

A nan ne murabba'i da muka'abi suke zaune, ko da mai zanen bai kira su da suna ba. Yawan gidajen hatimi kullum murabba'i ne: 9, 16, 25, 49. Jimlar layinsa kuwa daga muka'abi take fitowa. A ɗauki yawan layukan, a nemi muka'abinsa, a ƙara masa yawan layukan, a raba biyu. Mai layi uku: 27 da 3, 30, rabinsa 15. Mai layi huɗu: 64 da 4, 68, rabinsa 34. Mai layi biyar 65, mai bakwai 175, mai tara 369. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jimlar lambobi daga 1 zuwa gidan ƙarshe ita ake rabawa daidai tsakanin layukan, lissafin kuwa haka yake fita.

Akwai kuma ƙa'idar da duk wanda ya zauna gaban malamin hisabi ya taɓa ji. Idan ana son musallasi ya ba da wata jimla ta musamman, sai a cire 12 daga jimlar, a raba saura uku, abin da ya fita shi ake sawa a gidan farko, a ci gaba da ƙara ɗaya. Sunan Allah a lissafin abajada 66 ne. A cire 12, saura 54, a raba uku, 18. A zuba 18 zuwa 26 a gidajen da 1 zuwa 9 suke, 22 ta faɗa tsakiya, kowane layi ya ba da 66. A mai layi huɗu 30 ake cirewa a raba huɗu. Almajiri kan haddace 12 da 30 ba tare da an faɗa masa asalinsu ba, alhali asalin a fili yake: 27 a cire 3 a raba biyu, 12, 64 a cire 4 a raba biyu, 30. Wanda ya gane wannan ba ya buƙatar a gaya masa na mai layi biyar, da kansa zai fitar da 60. Gidan tsakiya ma yana da nasa abin sha'awa. A hatiman wutiri da aka gina bisa daidaito, 5 ne, 13, 25, 41, kuma kowannensu jimlar murabba'i biyu ne maƙwabta: 1 da 4, 4 da 9, 9 da 16, 16 da 25.

Wanda ya fi kowa ɗaga sunan ƙasar Hausa a wannan fanni shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Bafulatanin Katsina ne, ya tashi a lokacin da birnin ke cikin manyan cibiyoyin ciniki da karatu na Sudan ta Tsakiya. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali, malamin tauhidi na ƙasar Bagarmi a Cadi ta yau, da Muhammadu Bindu. Wajen 1730 ya yi aikin hajji, daga nan ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙi, littafinsa a kan ilimin haruffa da aufaƙi, inda ya shimfiɗa hanyoyin gina hatimi mai layukan wutiri, ya nuna yadda ake bin gidajen da tsalle irin na dokin shaɗaranji, da abin da ake yi idan tsallen ya fita daga zanen ko ya tarar da gida a cike. Ya kuma rubuta Addurrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai, wanda daga baya aka buga shi a Misira, da wasu littattafai a kan manɗiƙi da nahawu.

Darajarsa a Alƙahira ba ƙarama ba ce. A gidan Hasan Aljabarti ya sauka, ɗaya daga manyan masana falaki da lissafi na birnin, a can kuma ya rasu a 1741, wato 1154 Hijiriyya, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan wannan mai masauki, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Misira, kuma ya sa tarihin Alkashinawi a littafinsa Aja'ibul Asar cikin manyan malaman zamanin. Abin lura a nan shi ne, da iliminsa ya je Misira. A makarantun Katsina da Barno da Bagarmi ya samo shi, wanda ke nuna cewa a farkon ƙarni na 18 akwai masu koyar da hisabi mai zurfi a wannan yanki. Al'adar ba ta yanke da shi ba. Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, a Ida'un Nusukhi inda ya jera malamansa, ya ambaci hisabi cikin abin da ya karanta, kuma mawaƙan jihadi sun saba rufe waƙoƙinsu da ramzi, wato shekara a ɓoye cikin baƙaƙe.

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan amfani da hatimi don neman asiri, wasu sun halatta da sharuɗɗa, wasu sun hana ɗungurungum, kuma wannan magana ce ta masu fiƙihu da aƙida. Lissafin da ke cikinsa dabam ne. Jimlar 65 a mai layi biyar gaskiya ce ga wanda ya yarda da laya da wanda bai yarda ba, kuma kuskure ne babba a zubar da lissafin saboda an ƙi abin da aka yi da shi. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga nazari a kan aikin Alkashinawi a Ibadan, a 1973 kuma Claudia Zaslavsky ta gabatar da hatimansa ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts. Akwai kwafin Bahjatul Afaƙi na rubutun hannu a ɗakin karatun SOAS da ke Landan.

Lokacin da Alkashinawi ke kammala littafinsa, Leonhard Euler saurayi ne ɗan shekara 25 a Rasha, kuma Turawa sun riga sun kama wasa da waɗannan lambobi gadan-gadan. A 1621 Bachet na Faransa ya buga littafin Diyofantus, ya lura cewa kowace lamba kamar tana rubutuwa da murabba'i huɗu ko ƙasa da haka: 7 ita ce 4 da 1 da 1 da 1, 30 ita ce 25 da 4 da 1. Lagrange ya tabbatar da wannan a 1770. A gefen shafin wannan bugu na Bachet ne Fermat ya rubuta, wajen 1637, cewa abin da Alkujandi ya faɗa a kan muka'abi gaskiya ne a duk ninkin da ya wuce murabba'i. Euler ya kawo hujjar muka'abi a 1770, amma maganar gaba ɗaya sai a 1994 Andrew Wiles ya rufe ta. Muka'abi biyu ba sa ba da muka'abi, amma uku suna bayarwa: 27 da 64 da 125 sun haɗu sun ba da 216, wato 6 sau 6 sau 6. A 1770 ɗin dai Edward Waring na Ingila ya ce muka'abi tara sun isa a rubuta kowace lamba. An tabbatar da hakan a farkon ƙarni na 20, aka kuma gano cewa lamba biyu tak ke buƙatar tarar duka, 23 da 239.

Wata matsalar ta fi sauƙin gani. A ce manomin albasa a Aliero ya yi dala: ɗaya a ƙoli, 4 a ƙarƙashinta, sai 9, sai 16, haka har ƙasa. Yaushe ne zai rushe dalar ya shimfiɗa albasar ta ba da murabba'i cif, babu ragi babu ƙari? Édouard Lucas ya yi wannan tambaya a 1875 da harsasan igwa. In an bar dala mai ƙwaya ɗaya, amsa ɗaya ce kacal: hawa 24, ƙwaya 4,900, wato 70 sau 70. Sai a 1918 G. N. Watson ya tabbatar babu wata. Haka 8 da 9: Catalan ya yi hasashe a 1844 cewa su kaɗai ne maƙwabta a cikin duk lambobin da ake samu ta ninka lamba da kanta, aka jira har 2002 kafin Preda Mihăilescu ya kawo hujja. Lamba 1,729 kuwa ta yi suna ta dalilin Ramanujan na Indiya, domin ita ce mafi ƙanƙanta da ke rubutuwa da muka'abi biyu ta hanya biyu, 1 da 1,728, ko 729 da 1,000, ko da yake Frénicle de Bessy ya san ta tun 1657. Shi wannan Frénicle shi ne ya ƙirga hatimai masu layi huɗu ya sami 880. Mai layi uku iri ɗaya ne tak, sai dai a juya shi. Masu layi biyar sai da kwamfuta ta zo aka ƙirga su a 1973: 275,305,224.

Inda zaren hatimi da na murabba'i suka haɗu shi ne tambayar ko za a iya cika hatimi da murabba'ai zalla. A 1770 Euler ya aika wa Lagrange mai layi huɗu, layinsa na farko murabba'an 68, 29, 41 da 37, jimlarsa 8,515 ta kowane ɓangare. Musallasin ne ya gagara. A kowane musallasi, gida biyu da ke fuskantar juna ta tsakiya jimlarsu ninki biyu ce ta gidan tsakiya, kamar 4 da 6, ko 9 da 1, a gefen 5. Da muka'abai wannan ba ya yiwuwa, don haka an tabbatar babu musallasin muka'abai mabambanta. Da murabba'ai yana yiwuwa, tun da 1 da 49 sun ba da ninkin 25, amma samun tara mabambanta da za su cika layuka takwas duka, ba wanda ya samu, ba kuma wanda ya tabbatar ba za a samu ba. Martin LaBar ya yi tambayar a 1984, Martin Gardner ya sa ladan dala 100 a 1996. Lee Sallows ya kai layi bakwai cikin takwas, kowanne yana ba da 21,609, ɗaya daga masu ratsa kusurwa ya ƙi.

Muka'abi ma yana da nasa ragowar. Ana tambayar wace lamba ce ke rubutuwa da muka'abi uku idan an yarda a haɗa ko a rage. Wadda aka raba tara ta bar 4 ko 5 ba za ta taɓa yiwuwa ba. Sauran ana kyautata zaton duk suna yiwuwa, amma 33 ta ƙi har 2019, lokacin da Andrew Booker na Bristol ya same ta da lambobi masu alƙaluma 16. A 2019 ɗin dai shi da Andrew Sutherland suka sami 42. Mafi ƙanƙanta da ta rage ita ce 114.

Ɗalibin sakandare a Jega ko Aliero yana haɗuwa da murabba'i da muka'abi a matsayin abin haddacewa don jarrabawa, kuma da wuya ya ji cewa 12 ɗin da malamin unguwarsu ke cirewa a hatimi daga 27 ta fito, balle ya ji sunan Alkashinawi. Hatimi mai layi uku da mai layi biyar sun isa darasi guda a aji, da alli da allo kawai. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da takwarorinta na Sakkwato da Katsina, suna da masu lissafi, garuruwansu kuma suna da malamai masu karanta tsohon rubutun Larabci. Ya kamata waɗannan ɓangarori biyu su zauna tare su fitar da hanyoyin Bahjatul Afaƙi cikin Hausa, da bayanin dalilin kowace ƙa'ida, domin malaman firamare da sakandare su sami abin koyarwa.